Kaset Ɗin Umma

A unguwar Kurmin Mashi akwai wata yarinya 'yar aji biyar a firamare. Mahaifinta tela ne, yana da shago a bakin titi. Ita da ƙanenta Tukur ne kaɗai 'ya'yansa. Mahaifiyarsu ta rasu shekara biyu da suka wuce, bayan doguwar jinya a Zariya.

Lokacin da Umma take kwance a asibiti, ba a barin yara su shiga wurinta. Shi ya sa Baba ya tafi mata da rediyonsa mai kaset, ta yi wa 'ya'yanta magana, ya ɗauko musu. Kowace Juma'a idan ya dawo daga masallaci, sai su zauna su uku a kan tabarma su saurara. Tukur bai tuna fuskar Umma ba. Muryarta kawai ya sani.

A cikin durowarsa Baba yake ajiye kaset ɗin. Ya sha gaya musu kada kowa ya buɗe ta.

Wata Laraba, Talatu, ƙawar yarinyar, ta tare ta a makaranta.

"Waƙar da za mu yi rawa da ita ranar ba da hutu, yau da yamma za a sa ta a rediyo," in ji Talatu. "Tunda kuna da rakoda, ki ɗauko mana mana."

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji yarinyar. Ta ji daɗi da 'yan ajin suka juyo suna kallonta.

Da yamma Baba yana shago, Tukur yana wasa a waje. Sai da mai gabatarwa ya fara sanar da waƙar, sannan ta tuna ba ta da kaset. Ta ruga ta buɗe durowar. Kaset uku ne a ciki, duk baƙaƙe, duk iri ɗaya. Ba ta tsaya dubawa ba. Ta zari ɗaya ta saka, ta danna jan maɓalli.

Waƙar tana da tsawo. Da ta ƙare, yarinyar ta mayar da kaset ɗin baya, ta saurara tana rausaya kai. Kiɗan ya tsaya. Sai ga muryar Umma ta fito a tsakiyar magana.

Nan take yarinyar ta tsayar da kaset ɗin. Ta sake mayarwa baya, ta sake, ko maganar farko za ta dawo. Kiɗa kawai take ji. Ta mayar da kaset ɗin durowa.

Ranar ba ta iya cin tuwo ba. Washegari ta ce wa Talatu rediyon ne ya lalace.

Juma'a ta zo. Tukur ya shimfiɗa tabarma da kansa, yana cewa, "Baba, a sa mana Umma."

Baba ya saka kaset ɗin. Ganga ta cika ɗakin.

Ya kashe, ya ciro shi, ya jujjuya shi a hannu. Sannan ya dubi Tukur.

"Kai na gani kana danne-danne a jikin rediyon nan rannan. Ban hana ka ba?"

"Ban taɓa ba, Baba," in ji Tukur. "Ina Umma ta tafi? Ni na kore ta?"

Yarinyar ta yi niyyar yin shiru. Amma da ta ji wannan tambaya, sai ta kasa.

"Ba shi ba ne, Baba. Ni ce."

Ta faɗi komai tana kuka, tun daga alkawarin da ta yi wa Talatu har ƙaryar da ta yi mata.

Baba bai dake ta ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya tashi ya fita tsakar gida, ya zauna a bakin rijiya, ya rufe fuskarsa da hularsa. Ba ta taɓa ganin yana kuka ba, ko ranar da aka yi rasuwar. Da ya zane ta da ya fi mata sauƙi.

Bayan la'asar ta je ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ka yafe mini."

"Na yafe miki, Uwata," in ji shi a hankali. "Amma abin da ya goge ba zai dawo ba. Kin san haka?"

"Na sani. Sai dai akwai saura kaɗan a ƙarshe."

Suka koma ɗaki. Baba ya wuce kiɗan. Muryar Umma ta fito, a gajiye amma da dariya a cikinta: "...kuma ki riƙa taje wa Tukur kai, kin san ba ya so. Ku ji maganar Babanku. Allah ya yi muku albarka."

Iyakarta ke nan.

"Ina wurin da take kiran sunana?" in ji Tukur.

Yarinyar ta share hawaye. "Na haddace shi. Duka na haddace."

Ta jawo shi jikinta, ta fara daga sallama. Ta faɗi yadda Umma ta tambayi lafiyarsu, da yadda ta kira Tukur sau biyu, da labarin mangwaron da take hangowa ta tagar asibiti. Inda ta manta, Baba ya tuna mata. Ya ɗauko littafin da yake rubuta awon ɗinki, ya juya bayansa, ya rubuta kowace kalma.

Da suka gama, Tukur ya yi murmushi ya ce, "A sake."

Suka sake. A karo na biyu har Baba ya yi dariya.

Tun daga ranar yarinyar ba ta ƙara taɓa abin da aka hana ta ba sai ta tambaya. Ta gane cewa gaggawar minti ɗaya tana iya ɓata abin da ba shi da madadi. Ta kuma gane cewa wanda ya yi kuskure, gara ya faɗi gaskiya da wuri, kada a ɗora wa wani laifinsa.