Gidan da Ba a Amsa Sallama

A can da, wani makwaɗaici ya ɗaure jakinsa a ƙofar wani tsohon gidan gona. Ya yi sallama, shiru.

Ya ce, "Ashe ba kowa." Ya ɗauki fartanya. "Ba mai ita." Ya ɗauki fasasshen turmi. "Ba mai shi."

Sai ya ji sallama. Ya zaci masu gidan ne, ya faɗa rumbu ya yi tsit.

Ashe wata tsohuwa ce, tafiya ta gajiyar da ita. Ta ce, "Akwai mai jakin nan?" Shiru. Ta sake tambaya. Shiru.

Ta ce, "Ba mai shi." Ta haye abinta.

Makwaɗaici ya koma gida a ƙasa, turmi a ka.