Kujera Huɗu, Mutum Biyar

A ƙasa ta tarar da kujerar Agata, irin ta yara da ake ɗaurewa a mota.

Kan dakalin ƙofar gida, dab da kwandon shara, rana tana ta dukanta.

Ilaria ta tsaya cak da jarkar ruwa a hannu. Minti goma kacal ta yi a famfon dandali. Ga motar kwanan Saverio, wanda zai aure ta, ta cika lungun, inji yana ruri, an gama loda kaya, ita kaɗai ake jira.

Ta dire jarkar, ta fizge ƙofar gefe.

A gurbin da kujerar 'yarta ta yi kwana tara a ɗaure, tun daga Torino can arewa har nan ƙasan Kalabriya a kudu, Tiziana ce a zaune, ta ɗora tiren gasasshiyar taliya a cinya. 'Yar maƙwabta. Wadda tun ranar da suka sauka take shige da fice a gidan, tana tuna wa Saverio wasanninsu na yarinta.

"Ina Agata?"

"Mamma! Ga ni a sama!"

Ilaria ta ɗaga kai. Yarinyar 'yar shekara uku tana kan gadon da ke saman mazaunin direba, ta zuro ƙafafu tana lilo da su, biskit a hannu. Babu shinge, babu bel, babu komai.

Ta juya ta dubi Saverio.

"Saverio... kashe motar nan."

"Ila, tsaya ki ji..."

"Na ce ka kashe ta!"

Ya kashe. Lungun ya yi tsit, sai ƙarar gyare daga itatuwan zaitun.

Donna Rosaria, mahaifiyarsa, tana kujerar gaba cikin baƙar rigarta ta zuwa coci, tana fifita da mafici. Ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Ke 'yar arewa, rage murya, nan ba asibitinku ba ne. Motar Tiziana ta ƙi tashi, shi ya sa za ta bi mu. Yarinya ƙarama ina ruwanta da kujera guda? Ta kwanta a gado ta sha barcinta."

"Donna Rosaria, bel huɗu ne a motar nan. Mu biyar ne yanzu."

"To sai me? Yara huɗu na raina a bayan keke mai ƙafa uku na marigayi maigidana, cikin kwandunan lemo, hanyar nan dai ta dutse. Wanne ne ya mutu?"

"Waɗanda suka mutu ba iyayensu ne ke ba da labari a haka ba. Ni nake karɓarsu a ɗakin gaggawa, ni nake fitowa in gaya wa uwar."

Maficin ya tsaya.

Tiziana ta yi wata 'yar dariya, ta gyara zaman tiren.

"Ayya, Ilaria, kar ki ɓata wa mutane ranar biki mana. Inna Mena tana can bakin teku ta shimfiɗa tebur na mutum talatin. In tsoro kike ji haka, ai akwai bas ɗin ƙarfe goma sha ɗaya. Ki biyo mu ke da 'yarki a hankali, mu ma ajiye muku abinci."

Nan take Ilaria ta gane lissafin. Ranar sha biyar ga Agusta, babban bikin hutun shekara, dangi kaf a hallare, Saverio ya sauko daga mota da uwarsa a dama, Tiziana a hagu. Ita kuwa mai zoben alkawarinsa ta iso daga baya a bas, da gumi da 'ya a kafaɗa, kamar mai neman aikin wanke-wanke.

"Motarki ta ƙi tashi?"

"Tun da safe."

"Ja ce ko? Mai lotsattsen gefe? Yanzun nan ƙanenki ya wuce ni da ita a dandali, ya ciko ta da kankana."

Fuskar Tiziana ta sauya. Donna Rosaria ta ci gaba da fifita kamar ba ta ji ba.

Amma ba su ne damuwar Ilaria ba. Ta juya ta kalli kujerar da ke ƙasa, ta kalli ƙugiyoyin ƙarfenta guda biyu. Ƙugiyoyin nan ba sa kwancuwa da ƙarfi, sai an san inda ake dannawa. Ita kanta sai da ta yi kwana biyu tana koyo.

"Wa ya kwance ta?"

Ta tsare Saverio da ido.

"Saverio, da kai nake. Wa ya kwance kujerar nan?"

Ya sunkuyar da kai a kan sitiyari.

"Ni ne..."

Shi. Shi da sana'arsa ke nan, mayar da tsofaffin motocin kaya ɗakunan kwana. Shi da ya yi sati guda a garejinsa yana walda wa kujerar nan mazauni, ya kira ta ya ce ta ja da duk ƙarfinta ta gani. Shi da ya yi kwana tara yana kwana a tanti a waje don ita da Agata su sake a ciki, bai taɓa wuce gudun da ta ce ba ko da manyan motoci suna masa oda a baya. Kwana uku a gidan uwarsa sun isa su mantar da shi duk wannan.

Ya buɗe ƙofa ya sauko da sauri, ya zagayo yana miƙa mata makulli.

"Masoyiyata, ga mafita. Ke ki tuƙa. A mayar da kujerar, ku huɗu ku tafi, ni in sauko da keken da ke baya in biyo ku. Kowa ya huta, babu wanda aka ɓata wa."

Ta kalli makullin. Ta kalle shi.

"Kilomita arba'in. A keke. Cikin wannan ranar."

"Ba komai, zan iya..."

"Na san za ka iya! Ka gwammace zafi ya kashe ka a kan dutse da ka buɗe baki ka ce wa mahaifiyarka a'a!"

"Ila, don Allah, mutane suna ji..."

"Su ji!"

Ta hau ta sauko da Agata, ta saɓa ta a kafaɗa. Ta janyo jakarsu daga ƙarƙashin benci. Ta zare zoben daga yatsanta, ta ajiye shi a kan murfin tiren Tiziana, ƙarfe ya bugi ƙarfe.

"Ga shi nan, a haɗa da taliyar."

Ta sunkuci kujerar da ɗaya hannun, ta kama hanya.

A dandali ake jiran bas, ƙarƙashin wata 'yar rumfa da ba ta tare komai. An fara fitowa daga coci, tsofaffin mata suna tsayawa biyu-biyu suna kallonta. Ta zaunar da Agata a inuwar jikinta, ta sa mata hula, ta ba ta ruwa.

"Mamma, ba za mu je teku ba?"

"Za mu je wani tekun, 'yar albarka. Sha ruwanki."

Bas ɗin nan yana wucewa ta tashar jirgin ƙasa. Ta riga ta yanke. Gobe da safe suna Torino.

Sai ga Saverio a guje, riga ta jiƙe sharkaf.

"Hasken idona, ki saurare ni minti ɗaya..."

"Kar ka kira ni da wannan sunan."

"Kuskure na yi. Ta ce in kwance, Tiziana tana tsaye, na ce a raina zan tafi a hankali, ba zan wuce talatin ba..."

"A talatin ɗin ne na ga yaron da ya fita ta gilashi. Ka sani, na ba ka labarin, har ka kasa cin abinci ranar."

Ta ci gaba.

"Saurara, Saverio. Mahaifiyarka ta kira ni ragowar wani, na haɗiye. Ta zuba wa kaji miyar da na dafa, na yi dariya. Ta sa hotonka da Tiziana a kan teburin cin abinci, na ce hoto ne. Zan iya haƙuri da ita shekara hamsin, ba na jin komai. Amma ba a yin kara da ran 'yata! Uban da ya haife ta ya tafi ya bar ta, ni kaɗai gare ta. Na ɗauka mun zama mu biyu."

"Mu biyu ne!"

"Ƙarya kake. Da mu biyu ne, da ban tarar da kujerarta kusa da shara ba."

Idanunsa suka kaɗa. Sai ya juya ya koma da gudu.

Ilaria ta bi bayansa da kallo, hawayen da take riƙewa suka zubo. Ashe ko roƙon ma ba zai tsaya ya ƙarasa ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintuna bas ya shigo dandali yana huci. Ta ɗora jaka, ta ɗauki Agata, ta sa ƙafa ɗaya a matakala.

Oda ta cika dandalin.

Motar kwanan ta fito daga lungun, madubinta yana gogar bango, ta zo ta gindaya a gaban bas ɗin ta tsaya.

Direban bas ya leƙo ta taga.

"Kai ɗan Rosaria! Gidan naka za ka gina a nan? Kawar mini da akwatin nan!"

Saverio bai kula shi ba. Ya sauko, ya buɗe ƙofar gefe gaba ɗaya, yadda duk wanda ke ƙofar coci zai gani.

"Tiziana, sauko."

"Me ka ce?"

"Ki sauko. Motarki lafiyarta ƙalau, kin sani, na sani. Ga ƙanenki can gaban shagon kofi."

"Donna Rosaria, kina ji fa!"

Tsohuwar ta buga mafici a gaban mota.

"Saverio! A gaban mutanen gari? Yarinyar da ta taso a hannuna za ka kora saboda 'yar wani?"

Saverio ya juya ya fuskance ta.

"Mamma, ban taɓa ɗaga miki murya ba, yau ma ba zan ɗaga ba. Motar nan mutum huɗu take ɗauka. Kujera ɗaya ta Agata ce, yau da gobe da duk ranar da za ta shiga. Ba 'yar wani ba ce, 'yata ce. In kin zauna, mu tafi tare, in ji daɗi. In kin sauka, zan nemo miki mota har ƙofar Inna Mena. Amma kujerar nan ba zan ƙara taɓa ta ba sai dai in ɗaura."

Wata tsohuwa a ƙofar coci ta ce, "Oho, ashe yana da baki," aka yi ƙasa-ƙasa da dariya.

Tiziana ta sauko fuu, tire a hannu. Saverio ya tare ta, ya ɗauke zoben daga kan murfin, ya matsa mata ta wuce.

Ya zo gaban Ilaria. Ya miƙa hannu don karɓar kujerar.

Direban bas ya ce, "Baiwar Allah, ciki ko waje? Ni ma ana jira na da abinci."

Ilaria ta daɗe tana kallon Saverio. Sannan ta sauke ƙafarta daga matakalar, ta janyo jakarta.

Ya durƙusa a cikin motar ya sa ƙugiya ta farko, ta yi ƙas. Ta biyu ma ta yi ƙas. Ya matsa gefe. Ta kama kujerar da hannu biyu ta jijjiga ta da duk fushin da ke cikinta, har motar tana girgiza. Ko motsi ba ta yi ba.

Ta zaunar da Agata, ta ɗaure ta, ta zura yatsa biyu ƙarƙashin bel ɗin ta gwada.

"Ban huce ba fa," ta ce, ba tare da ta kalle shi ba.

"Na sani, rabin raina."

"Zan daɗe ban huce ba."

"Zan jira."

Donna Rosaria ba ta sauka ba. Tana zaune ƙiƙam, ta kafe titi da ido, leɓe a tsuke.

"To a tafi mana. Abinci zai huce saboda wasan kwaikwayonku."

Ilaria ta zagaya ta buɗe ƙofar gaba. Bel ɗin tsohuwar yana rataye a gefe, ko taɓa shi ba ta yi ba.

"Me kuma?"

"Ɗaga hannunki, Donna Rosaria."

"Ni? Shekara saba'in ban taɓa ɗaura wannan igiyar ba!"

"Yau za ki fara. Ba na son in fito in gaya wa ɗanki komai."

Suka kalli juna ido cikin ido. Tsohuwar ta ja tsaki mai tsawo... ta ɗaga hannun.

Ilaria ta ja bel ɗin ta ratsa shi kan baƙar rigar, ta danna.

"Kin matse ni, 'yar arewa."

"Haka ake so."

Motar ta ja baya, bas ya samu hanya ya wuce yana oda. Suka fita daga gari, suka fara gangara dutsen a hankali, teku yana ɓullowa yana ɓacewa a tsakanin itatuwa. Agata tana ta ƙirga awaki.

A lanƙwasa ta bakwai akwai fili a gefen hanya inda motoci ke tsayawa su huce. Ilaria ta ce, "Tsaya a nan."

Saverio ya ratse gefe. Ya tsaya, ya ja birkin hannu, ya waiwayo.

Fuskarta a ɗaure take har yanzu, idanu jajur. Ta zuro hannun hagunta ta tsakanin kujerun, ta miƙe yatsu.

"Ba a sa zobe ana tuƙi. Yi sauri, mahaifiyarka tana jin yunwa."