Ragowar Kwanon Baƙo

Kaka Marka ta dangwarar da kwanon a gabana, har ya yi ƙara a kan daɓen tsakar gida.

"Duba min nan, Raliya. Ko kyanwa ce ta ci ai ta bar alama."

Na duba. Fes yake, har ina hango fuskata a ciki. Malmala uku na zuba wa Badruddeen, mai neman aurena, da miyar kuka, na yaryaɗa masa ɗan man shanun da nake ta tattali, amma ko ɗigon miya bai dawo ba.

"Kaka, ai alamar girkina ya yi daɗi ke nan..."

Ta watsa min harara. Ta ce ita dai shekararta saba'in tana karɓar baƙi, ba ta taɓa ganin mai neman aure ya suɗe kwanon gidan surukai ba sai wannan malamin na Kabo. Namijin da bai iya tuna na bayansa a kan kwano ba, in ji ta, ba zai tuna da matarsa ba ranar da abinci ya yi kaɗan. Alhamis mai zuwa ita ce ta ƙarshe. In kwano ya sake dawowa haka, ranar Juma'a za ta sa Baba ya ba Tasi'u dama ya turo magabatansa.

Baba kuwa, Malam Baƙo, ko ce masa ta yi rana daga yamma take fitowa ba zai musa wa mahaifiyarsa ba.

Bari in gaya muku yadda muke. A Lakwaya gidanmu yake, kuma tun rasuwar Innarmu madafi ya dawo hannuna, ni da Kaka da ƙannena mata biyu. A gidanmu baƙo cika masa kwano ake yi ko da mu za mu kwana da rabin ciki, shi kuma ya san ya kamata ya rage. Abin da ya rage shi ake ajiye wa tsohuwa da yara su yi ɗumame da safe. A shekarar wadata ba mai kula da wannan. To amma waccan shekarar, wadda aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, komai ya yi tsada, kananzir ya ɓace, ga mu a tsakiyar damina rumbu ya kusa ƙasa.

Ni kuwa ba yabon kai ba, na iya riritawa. Kaka ce ta hore ni. Tuwon da zai kwana a tsoma shi cikin ruwan sanyi a rufe da faifai. Miya a sake tafasa ta kafin a sauke, kada kuma wani ya tsoma mata cokalin da ya kai baki, in ba haka ba kafin safe ta yi tsami. Ƙanzo ba a zubarwa, kankarewa ake a shanya, ranar da babu a jiƙa shi a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da yaji. Gindin tukunya ma sai na shafe shi da jiƙaƙƙiyar toka kafin in ɗora, don baƙin ya fita ba tare da na ƙarar da sabulu ba. Duk wannan dabarar tawa sai da ragowa take aiki. Ranar Alhamis kuwa babu ragowa.

Badruddeen ɗan gidan malamai ne, yana koyarwa a Islamiyyar mahaifinsa a Kabo. A walimar wata 'yar'uwarmu a Gwarzo ya gan ni ina rabon abinci, ya bi diddigi har ya gano gidanmu. Ba ya zancen dare. Ranar Alhamis da babu karatu yake hawo kekensa, ya iso bayan la'asar, mu zauna a zaure ƙofa a buɗe, kafin magariba ya kama hanya. Saboda shi nake tuƙa tuwo da wuri. In yana magana a hankali yake yi, yana kallon ƙasa yana murmushi, in ya ce "Raliyata" sai in rasa inda zan sa hannuna. Wallahi ina sonsa, ban taɓa ɓoye wa kaina ba.

Tasi'u kuwa jikan aminiyar Kaka ne, yana sayar da hatsi a kasuwar Gwarzo. Ranar Lahadi yake zuwa, bayan ya cika cikinsa da tsire a tasha, har ƙamshin yajin na tashi a rigarsa. Ya yi loma biyu ya ture kwano ya ce a kai wa Kaka. Ita kuwa sai sa masa albarka, yaro mai kunya, ɗan gidan ƙoshi. Shi ne ya raɗa wa Badruddeen suna Malam Suɗe, ya yi ta yaɗawa a bakin masallaci, har ya taɓa ce wa Kaka in malamin ya zo a riƙa ɓoye tukunya. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa kamar in shaƙe shi.

Wata biyu ina rufa asiri. Duk Alhamis sai in ce ba na jin yunwa, in tsoma rabona a ruwa, da safe in ɗumama wa Kaka in ce ragowar baƙo ce. Ranar da ta riga ni ɗauko kwanon daga zaure, ranar komai ya tonu.

Satin nan ban yi sukuni ba. In na yi shiru zan rasa shi. In na gaya masa, na tona asirin gidan ubana a gaban wanda zai zama surukinsa, ya san cewa muna jiran abin da ya rage mu karya. Kaka ma ta ja min kunne, ta ce kada in kuskura in sa masa magana a baki, ita halinsa take so ta gani.

Alhamis ta zo da yayyafi. Na share zaure, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na ajiye ruwan sha da na wanke hannu. Na tuƙa tuwon dawa mai laushi, na kaɗa busasshiyar kuɓewa da daddawa, na sa ɗan busasshen kifi guda ɗaya tak da ya rage mana. Ya iso kafaɗunsa a jiƙe. Muka gaisa, ya tambayi Baba da Kaka da yara da gona, na tambayi iyayensa, Malam da Hajiya, da ɗalibai. Na ajiye kwanon a gabansa.

Ya jawo ruwan wanke hannu. Na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Malam... me ya sa ba ka taɓa rage abinci?"

Ya yi murmushi, har da ɗan jin daɗi, kamar ɗalibi ya yi masa tambayar da ya daɗe yana jira. Ya ce a gidansu tun suna yara ake koya musu suɗe kwano, don sunna ce, kuma mutum bai san a wace loma albarkar take ba. Ya ce sau da yawa ma ya ƙoshi tun a malmala ta biyu, amma yakan daure, don kada in ga ya raina girkina.

Ashe daurewa ma yake yi! Hawaye suka zubo min ban shirya ba.

"Raliyata, lafiya? Me na ce?"

"Abin da kake daurewa ka cinye, shi ne karin kumallon Kaka."

Na faɗa. Na gaya masa al'adar gidanmu, na gaya masa halin rumbu, na gaya masa maganar Juma'a. Ban ɗaga kai ba har na gama, don kunya ta gama kashe ni.

Da na saci kallonsa, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wata nawa?"

"Biyu."

"Ita me take ci da safen?"

Na kawar da kai. Ya dube ni, ya dubi wuyan hannuna, ya gane. Ya sunkuyar da kai.

Na ce masa abu mai sauƙi ne, ya ci malmala ɗaya da rabi ya bar sauran, shi ke nan an wuce wurin. Ya girgiza kai. Ya ce shi ba zai iya jagwalgwala abinci ya aika wa tsohuwa ba. A gidansu rabon manya ake fara cirewa kafin kowa ya sa hannu, shi ya sa duk zatonsa na riga na cire nata tun a madafi.

"Ɗauko min wani kwanon da cokali, sanyin idona."

Na ɗauko. Bai wanke hannu ba tukuna. Da cokali ya ɗebe malmala biyu ya sa a sabon kwanon, ya tsiyaye fiye da rabin miyar a kai, ya ɗora kifin gaba ɗaya, ya rufe.

"Ki kai mata yanzu da zafinsa. Ki ce jikanta ya yi kuskure, yana neman gafara."

Na tarar da Kaka a bakin ɗakinta tana jan carbi. Tana ganina da kwano ta taɓe baki, ta ce ai dama ta san bakina ba ya riƙe magana, tun daga nan ta ji ina shessheƙa. Ragowar da aka roƙa ba ta burge ta. Na durƙusa na ajiye mata.

Ta buɗe.

Malmala biyu lafiyayyu, babu sawun yatsa ko ɗaya, tururi na tashi, kifi a sama. Ta daɗe tana kallo.

"Bai ci ba?"

"Bai fara ba. Ya ce sai an kawo miki naki."

"Ke kika ce ya yi haka?"

"Ni cewa na yi ya rage, Kaka. Shi ya ƙi."

Ta ajiye carbin. Na miƙa hannu zan ɗauke kwanon in kai madafi in tsoma tuwon a ruwa saboda safe, sai ta riƙe shi gam. Ta ce in ba ta ruwa ta wanke hannu.

"Kaka, na gobe fa?"

"Gobe ma Allah yana nan."

Ta gutsuri tuwon, ta dangwalo miya, ta kai baki. Ta kira ƙannena ta raba musu malmala ɗaya, ta ɓare kifin ta miƙa wa kowacce, ta tura min sauran ta ce in zauna in ci a gabanta tana gani. Na lura tana tauna a hankali, tana share ido da gefen mayafi, wai hayaƙi ne, alhali wutar murhu ta daɗe da mutuwa.

"Tun da aka kawo ni gidan nan, Raliya, abin da maza suka bari nake ci. Kakanki, ubanki, baƙinsu. Ban taɓa jin haushi ba, don haka na taso na gani." Ta sake kai loma. "Yau ce rana ta farko da namiji ya jira ni na fara."

Na kifa kaina a cinyarta ina kuka ina dariya. Ta dungure min kai.

"Tashi, ja'ira, kin bar bawan Allah da yunwa a zaure. Ki ce masa na yafe, ya ci abincinsa. In kin fito ki leƙa gona ki kira min ubanki, ya zo su sa rana tun malamin bai hau kekensa ba."