Muryar da Ni Kaɗai Na Gane

"Irmiya ne! Yesu na... Irmiya ne, yana da rai!"

Tiren gyaɗar da ke kaina ya kife a ƙofar shagon Markus tela, ko kallonsa ban yi ba.

Mazan unguwarmu sun kewaye rediyo kamar kowace la'asar, sun kamo tashar 'yan tawaye don su ji ƙarya su yi ta zagi. Yaƙin basasa ya shiga shekara ta biyu. Tuni sojoji suka aiko cewa Irmiya, ɗan Rijau da aka yi mana baiko, ya ɓace a fagen daga. Na yi kuka har hawayen suka ƙafe.

Sai ga muryarsa, da Hausar nan tasa ta Dukawa da nake yi masa tsiya a kanta.

"'Yan'uwana sojojin Arewa, ku ajiye bindiga. Ingila da Rasha ke ba ku makamai, man fetur suke so, ba ku ba. Ƙasashe sun fara amincewa da mu..."

Bai faɗi suna ba. Ba wanda ya gane shi. Ni ce, da wannan bakin nawa da ba ya iya shiru!

Markus ya tsayar da keken ɗinki.

"Kin tabbata, Laraba?"

"Haba! Ko barci nake na san muryarsa!"

Ya yi murmushi. Murna ta hana ni tunawa cewa shi ne mutumin da ya nemi aurena na ƙi shi.

Washegari da kansa ya rungumo rediyon har gidanmu, ya dire a gaban Baba. Yayana Ladan kuwa a wannan yaƙin aka kashe shi, a Anaca, ko gawarsa ba mu gani ba.

Baba ya saurara har ƙarshe, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Shi ne?"

"Baba, tilasta shi aka yi! Bindiga suka ɗora masa a ka!"

"Na ce shi ne?"

"...Shi ne."

"Ɗana yana ƙasa, wannan yana cin tuwon waɗanda suka kashe shi. A mayar musu da kayansu!"

Aka kwashe kayan baiko aka mayar. Gari ya ɗauka, maci amana, maci amana. Innarsa da ke kawo daddawa kasuwar Kontagora aka daina saya a wurinta, har a coci matan suka riƙa matsawa daga bencinta. Ranar da na durƙusa na gaishe ta, ta daɗe tana kallona.

"Da kin yi shiru, 'yata."

Markus ya aiko mini da atamfa. Na jefa masa abarsa ta kan katanga, munafuki! Duk wanda ya zagi Irmiya sai na tare shi, ina faɗa ina ƙarawa, tilasta shi aka yi. Na yi faɗa a rijiya, na yi a kasuwa, har aka fara cewa na taɓu.

Innar Irmiya ba ta ga ƙarshen yaƙin ba. Mutanen da suka raka ta kabari ba su cika tabarma ɗaya ba.

Bayan an ajiye makamai aka sako Irmiya, aka sallame shi daga soja. Ya aiko in same shi a tashar mota. Na fita a guje ko ɗankwali ban ɗaura daidai ba.

Ya rame, wuyansa kamar na zakaran da aka fige.

"Masoyina... Irmiya na!"

Ya ja da baya kaɗan.

"Na je kabarin Inna."

"Na gaya musu, kowa na gaya masa dole aka yi maka!"

"Ba wanda ya ɗora mini bindiga, Laraba."

Na zuba masa ido, ya ci gaba.

"Sun tambayi fursunoni wa ya iya karatun Hausa. Ni na ɗaga hannu. Na san an ce miki na mutu, na kasa jurewa. Na ce ke kaɗai za ki gane ni, ki riƙe a ranki, ki jira."

"Don ni...?"

"Don ke."

Na fashe da kuka a tsakiyar tasha, mutane na kallo. Ina sonsa, a lokacin ma na fi sonsa, kuma na tsani kaina.

"To mu tafi tare! Duk inda za ka, ko Baba zai tsine mini!"

Ya girgiza kai, idonsa ya yi ja.

"Ban riƙe ki a raina ba, Allah ne shaida. Amma duk sanda na dube ki, Inna nake gani zaune a gaban daddawarta ba mai saya."

"Irmiya, don girman Allah..."

Direba ya danna oda. Ya jefa jakarsa bayan motar Yawuri, ya kama ƙarfe ya haye, ya zauna ya ba ni baya.

Na kira sunansa, na sake kira da ƙarfi. Wannan karon ma kowa ya waiwayo, ban da shi.