Sulen Abba

"Auta... wannan sulen jabu ne."

Shagon ya yi tsit, sai ƙarar fanka.

"Sake faɗa," in ji Auta.

Mai Gilashi ya ajiye ɗan gilashin da yake leƙa tsofaffin kuɗi da shi, wanda ya jawo masa wannan laƙabi. Aikinsa ke nan, a kawo masa sule ya tantance, ya faɗi darajarsa. A bakin wannan teburin suka haɗu, har maganar aurensu ta kusa kaiwa ga manya.

"Zuciyata, nauyinsa bai cika ba. Dubi gefensa, ga layin haɗi nan. Ba bugawa aka yi ba, zubi ne."

"To wannan lotsawar fa?" Ta nuna bakin sulen, hawaye na zubo mata. "Ni na yi ta! Ina ƙarama na fizge shi a hannun Abba ya faɗi kan dakali. Jabu ne zai zo da tabon da na yi da hannuna?"

"Ai mai zubi yakan..."

"Ya isa!"

Ta mayar da sulen cikin takardarsa, ta fice ko waige babu.

Abba ne ya koya mata son tsofaffin sulalla. Shi ya nuna mata a gefe ake riƙe su, ba a goge su ko sun yi baƙi, kowanne da takardarsa, nesa da danshi. Da ya rasu ita ya bar wa akwatin, kuma wannan sulen azurfar shi ne abin alfaharinsa. Ji ta yi kamar Abba aka ƙaryata yana kabari.

A gida Mama ta tafa hannu.

"Ban faɗa miki ba? Mutumin da zai wuni yana leƙen kuɗin da ba sa sayen ko gishiri, shi kike kira miji?"

Washegari Yaya ya zo da abokinsa Dillali, mai saye da sayar da kayan tarihi, wanda ya daɗe yana aiko mata da gaisuwa tana sharewa. Dillali ya dangwala babban yatsansa a fuskar sulen. Auta ta gani, ranta ya sosu, amma ta kau da kai.

"Na gaske ne, ƙanwata," ya ce a tausashe. "Tsohuwar dabara ce. A ce miki jabu ne, a karɓe a banza."

Abin da take son ji ke nan.

Da Mai Gilashi ya zo ƙofar gida, a tsaye ta tare shi.

"Hasken idona, ki kai wa wani ya duba. Kowa ma, ba sai ni ba."

"An duba."

"Wa?"

"Wanda bai raina mahaifina ba. Da ka ce min na gaske ne, me zai rage ka?"

"Da na yi miki ƙarya ke nan..."

"Kada ka sake tako ƙofar nan!"

Ya daɗe yana kallonta, idonsa ya kaɗa, sannan ya juya. Ya yi ta kira, ta toshe lambarsa.

Babu wanda ya tilasta ta. Da bakinta ta ce ta yarda da Dillali, don haushi, don kuma Mama ta yi murmushi.

Da ta tare a gidansa, babu abin da ta nema ta rasa, sai dai hira. Ko sau ɗaya mijin bai taɓa cewa ta buɗe akwatin Abba su kalla tare ba.

Wata rana da hantsi ya yi baƙo mai sayen kaya. Auta ta shigo da tiren ruwa, ta sunkuya za ta ajiye. A kan jan ƙyalle, tsakanin kofuna, ga sulen azurfa.

Da lotsawa a bakinsa.

Tiren ya suɓuce.

Da gudu ta shiga ɗaki ta buɗe akwati. Nata yana nan. Ta dawo ta ajiye shi kusa da ɗayan. Tabo iri ɗaya, a wuri ɗaya. Sai dai na Dillali yana da duhun tsufa mai kyau, nata kuwa fari fat kamar murfin gwangwani.

Baƙon ya tattara ya sulale.

"Ina ka samo wannan?"

Dillali ya gyara zama, ko kunya babu. "Yayanki ya kawo min, tun Abbanku na asibiti. Na sa aka zuba masa wani don kada tsoho ya gane."

"Ka dubi idona ka ce min na gaske ne!"

"To ba ga shi ya dawo gidanki ba? Mene ne na kuka, amarya?"

Ko mayafin kirki ba ta tsaya nema ba. Tana tafe tana maimaita abin da za ta ce, har ta isa shagon Mai Gilashi.

Yana nan a teburinsa. Gefensa wata mace ce zaune da ƙaramin ciki, tana jera sulalla a takardu, tana riƙe kowanne a gefe.

Ya ɗago. Ya miƙe a hankali.

"Gaskiya ka faɗa," ta ce. "Shi kaɗai na zo in gaya maka."

"Na sani," ya ce. "Allah Ya ji ƙan Abba."

Matar ta jawo kujera da fara'a. "Baiwar Allah, zauna mana, kin sha rana."

Da zagi aka yi mata, da ya fi sauƙi. Ta yi godiya ta fito.

Gidan Mama ta nufa. Ta same ta a tsakar gida tana ninke wanki.

"Lafiya, Auta? Ina mijin naki?"

"Mama, Yaya ne ya sayar da sulen Abba."

Hannun Mama ya tsaya cak. Ba ta yi salati ba, ba ta ce yaushe ba.

Auta ta matso kusa da ita.

"Mama... kin sani?"

Mama ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da ninke zanen da ta riga ta ninke.

"Ɗan'uwanki ne. So kike in tona masa asiri a gaban bare?"

"Ni fa, Mama?"

Mama ba ta ɗago ba.