Me Ya Sa Maruƙa Suke Ƙanƙancewa?

A wani zamani can baya, an yi wani mutum mai kiwon shanun nama a gonarsa. Kowace shekara mahauci yakan zo ya ce, "Maigida, wane bijimi ya fi girma?" Sai ya nuna masa, a ja shi a tafi.

Ana nan, sai ya lura maruƙansa suna ta ƙanƙancewa. Abin ya ɗaure masa kai. Ya ce, "Ko abinci ne?" Ya ƙara musu harawa, ba su canza ba. Ya ce, "Ko ruwa ne?" Ya haƙa sabuwar rijiya, ba su canza ba.

Ran nan da kaka, ya tarar da matarsa Tabawa tana ware manyan zangarnun dawa tana adanawa.

Ya ce, "Tabawa, ai waɗannan su suka fi auki a tuwo. Me ya sa kike ɓoye su?"

Ta ce, "Haba Malam! Iri ne. In muka cinye manyan, me za mu shuka baɗi?"

Ya waiwaya garke, ya ga wani ƙanƙanen bijimi shi ke bin shanunsa.

Da mahauci ya dawo, ya dafa tozon wani jan bijimi da ya fi sauran tasowa, ya yi tayi mai tsoka. Mutumin ya haɗiyi yawu, don rufin ɗakinsa yoyo yake yi. Sannan ya janye hannun mahauci daga tozon.

Ya ce, "Zaɓi wani. Wannan iri ne."