Sakatar da Ke Waje

A can cikin wani wasan gini akwai wani ƙauye da komai nasa tubali ne. Duk gidan da aka ƙara wa gado, sai a haifi yaro.

Ran nan wani baƙo ya zo. Ya gina ɗaki, ya sa gado, mutane suka yi murna. Ya ƙara ɗaki, ya ƙara gado, suka ƙara murna, ba su san kiwonsu yake so ya yi kamar dabbobi ba. Wata tsohuwa ce kaɗai ke bin sa da ido.

Da ya kewaye ƙauyen da katanga, ya ce mata, "Saboda dodanni ne, Iya."

Tsohuwa ta shafa ƙofar, ta ce, "Ɗan nan, in don dodanni ne, me ya kai sakata waje?"

Kafin rana ta faɗi, mutanen ƙauyen suka mai da sakata ciki, baƙo kuwa yana waje.